Kwaɗon Ɗakin Zaure

Kai da ka buɗe littafin nan, ba naka ba ne. Idan ɗaya daga cikin 'ya'yana ne, ya rufe, ya mayar inda ya ɗauko, ya yi istigfari. Leƙen abin da ba a nuna maka ba, ba tarbiyyar gidan nan ba ce. Idan kuwa bayan raina ne aka tsince shi a ƙasan akwati, to karanta. Amma kada ka ce da kai ne da ba ka yi haka ba. Shekara ashirin ni ma ina faɗin haka a kan matan mutane.

Asabar, 9 ga Agusta, ƙarfe 11 na safe

A kan bencin asibiti nake. Wannan littafin da nake rubuta darasin matan da nake koyarwa ranar Juma'a ne, shi na tarar a jakata. Babu wanda zan yi wa magana, don haka zan rubuta.

An yi wa yaron aiki a kai. Ɗana na fari ke nan, shekararsa goma sha tara. Ba na faɗin sunansa, kamar yadda uwata ba ta taɓa faɗin na babban wanmu ba har ta koma ga Allah. Ba kuma zan rubuta shi ba. Kunya ado ce, ko da matan yanzu sun yar da ita.

Likita ya kira ni da Malam, mahaifinsa, ya ɗaga hoton kan yaron a jikin fitila. Ya ce ƙashin gefen kai, daidai saman kunne, shi ya fi kowane sashe na ƙoƙon kai rashin kauri, kuma akwai jijiyar jini kwance a bayansa. Da ya faɗi daga babur, gefen hagu ya bugu, ƙashin ya tsage, jijiyar ta yanke. Jini ya yi ta taruwa a ciki. Ƙoƙon kai ba ya buɗewa, in ji shi, don haka jinin ba shi da wurin zuwa sai ya danne ƙwaƙwalwa. Ya nuna mana wani farin abu mai kamar ɓarin lemo. Ya ce sun buɗe, sun kwashe, saura jira.

Sai ya ce, "Ƙarfe nawa ya faɗi?"

Malam ya ce, "Wajen ƙarfe uku, bayan an sauko Juma'a. Haka Mati mai faci ya ce, a gaban rumfarsa abin ya faru, nan Ƙofar 'Yandaka."

"Kun kawo shi bayan magariba. A tsakani fa?"

Na ce, "Yana kwance a ɗaki."

Wannan gaskiya ce.

Na hana shi hawa babur. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Ya je ya ari na wani. Yaron da ya bi maganar iyaye ba ya ƙarewa a kan gadon tiyata. Wannan ma gaskiya ce.

Asabar, bayan la'asar

Bai farka ba.

Lahadi, ƙarfe 9 na safe

Na'ura ce ke taimaka masa numfashi. Na tambayi nas ɗin da ke kula da shi, Sista Ruth, wata 'yar Filato mai jiki, wadda ta fi ni iya Katsinanci, me ya sa mai rai zai buƙaci a hura masa iska kamar tayar keke.

Ta taɓa ƙeyarta. Ta ce a can ƙasa, inda ƙwaƙwalwa ke haɗuwa da lakar ƙashin baya, akwai wani ɗan kututture da bai wuce babban yatsa ba. Shi ke riƙe da numfashi da bugun zuciya da farkawa daga barci, ba ya jiran umarnin kowa. Ta ce jinin ya tura ƙwaƙwalwar har ta fara danne shi.

Na san wannan. A aji biyar na sakandare na zana ƙwaƙwalwa da jan biro da shuɗi, na sa kibiyoyi, na rubuta sunan kowane sashe. Tara bisa goma malamar ta ba ni. Na haddace cewa ɓangaren hagu ke juya hannun dama. Na haddace inda magana take fitowa. Ba a taɓa gaya mana yadda mutum yake tafiya idan jini na zuba a cikin kansa ba.

Talata, 12 ga Agusta, ƙarfe 12 na rana

Sun cire na'urar jiya, yana numfashi da kansa. Malam ya yi sujada a baranda, a gaban mutane.

Ashe maki suke ba shi. Kowace awa biyu Sista Ruth za ta zo ta yi masa magana da ƙarfi, ta haska ƙwayar idonsa da tocila, ta matse masa farce da biro. Ana duba abu uku: ido, da baki, da motsi. Mai lafiya yana da goma sha biyar. Yau yana da bakwai.

Bakwai bisa goma sha biyar. Ya taɓa kawo mini sakamako irin wannan a lissafi, yana aji huɗu na firamare. Na sa shi ya yi kneel, gwiwa a ƙasa, a tsakar gida har inuwa ta juya. Ban yi nadama ba, don bayan nan bai sake kawo ƙasa da goma sha biyu ba.

Idan ta matse farcen hagu, yana janye hannun. Na dama ba ya motsi.

Laraba, bayan azahar

Matan da nake koyarwa sun zo dubiya, su takwas. Suna ta cewa, "Malama, ke da kika riƙe 'ya'yanki haka, wannan jarrabawa ce kawai." Na ce haka ne.

Har da Hajiya Zulaihat. Ita ce wadda ɗanta Ashraf ya lalace da shan kodin, yana kwana a kwalbati. Watanni biyu da suka wuce na yi darasi a kan tarbiyya, na ce duk gidan da aka ga ɗa yana tangaɗi, a tambayi uwar. Ban ambaci suna ba, amma kowa ya san inda na dosa, kuma ba ta ɗago kai ba har aka tashi. Yau ta kawo kunun gyaɗa a fulas, ta zauna kusa da ni, ta ce, "Malama, ki sha ko kaɗan ne. Zaman jiran ɗa da yunwa ba ya yiwuwa, ni na sani."

Ban iya sha ba.

Ɗaya daga cikinsu ta ce, "Ikon Allah, muna gidanki ranar nan muna karatu, ashe yaro na nan kwance ba mu sani ba."

Rashida, ƙanwarsa, tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon abinci. Ta ajiye shi a ƙasa ta fita.

Alhamis, da hantsi

Bakwai.

Rashida ba ta yi mini magana ba tun ranar Juma'a. Tana gaishe ni, tana durƙusawa, tana yin duk abin da na sa ta. Amma ba ta kallon fuskata. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar. Da a wani lokaci ne da na gyara mata zama.

Juma'a, 15 ga Agusta, ƙarfe 4 na yamma

Mako ɗaya daidai. Daidai wannan lokacin.

Ba zan rubuta komai ba yau.

Asabar, ƙarfe 10 na safe

Sista Ruth ta tsare ni. Ta ce, "Mama, ina lura da ke. Babanshi na kiran shi, ƙanwarshi na kiran shi. Ke sai ki zauna can nesa kamar mai jiran mota. Mi ya faru?"

Na ce ɗan fari ne.

Ta yi dariya. "Na sani, shekarata ashirin da biyu a garin nan. Amma nan ba gidan surukai ba ne. Kunne na aika sauti cikin ƙwaƙwalwa ko mutum bai farka ba, kuma ba kowace murya take ɗauka daidai ba. Wadda ta saba da ita tun yana ciki, ta fi tawa. Ki kira sunanshi."

Na ce, "Ai bai taɓa jin sunansa a bakina ba, ta ina zai gane?"

Ta tsaya da abin da take yi. "To da mi kike kiran shi?"

"Kai. Ko, kai yaro."

"To gwada hakan."

Na matsa. An aske rabin kansa, ɗinkin ya lanƙwasa daga gaban kunne zuwa sama kamar lauje. Na ce, "Kai." Muryar da ta fito ita ce wadda nake tashinsa da ita sallar asuba, wadda nake tambayarsa daga ina yake da ita. Ba ni da wata.

Bai motsa ba. Ni ma da ni ce, ba zan dawo don wannan muryar ba.

Lahadi, bayan la'asar

Zazzaɓi. Sun ce ƙirjinsa ne. Shida.

Litinin, ƙarfe 8 na safe

Shida. Ya Allah. Ya Allah, ni ce, ba shi ba.

Litinin, ƙarfe 2 na rana

Na sami likitan shi kaɗai a baranda. Na ce ina da tambaya, ba a kan ɗana ba, a kan irin wannan ciwon dai. Idan mutum ya bugu a kai, zai iya tashi ya tafi gida da ƙafarsa?

Ya ce ƙwarai, wannan ne ma mugun halin ciwon. Mutum zai tashi ya karkaɗe rigarsa, ya yi magana, a ce ya tsira. Jinin kuwa yana taruwa a hankali. Sai ciwon kai, sai amai, sai tangaɗi, harshe ya yi nauyi, barci ya dinga fizgarsa. Ya ce, "Da yawa sai a ɗauka maye ne."

Na ce, "Idan aka kawo shi da wuri fa? Kamar da awa uku?"

Ya cire tabarau ya dube ni. Yaro ne, bai fi sa'an ƙanena ba. Ya ce, "Hajiya, wanda aka kawo yana magana, yawanci yana fita yana magana. Ban san abin da zan ce miki bayan wannan ba."

Na yi masa godiya. Har da tambayar iyalinsa.

Talata, 19 ga Agusta, bayan azahar

Na koma gida yin wanka. Ruwan sama ya cika tsakar gida. Hularsa tana nan a kan taga inda na ajiye ta, wadda Mati mai faci ya kawo da magaribar ranar, yana sallama yana cewa ya jikin mutumin, ai ya ce masa ya tsaya a kai shi kemis ya ƙi, wai Ummansa za ta san ya hau babur.

Rashida tana wanki. Na ce ta miƙo mini bokiti. Ta miƙo. Na ce, "Ke, wai ni sa'arki ce da za ki dinga ɗaure mini fuska?"

Ta ce, "A'a, Umma."

"To mene ne?"

Ta ci gaba da cuɗa rigar. Can ta ce, "Sau goma sha ɗaya ya buga."

Na ce ta rufe mini baki.

"Ina kicin, ina ƙirgawa. Na farko da ƙarfi. Na zo na tsaya a bakin falo, kika harare ni, kika ƙara ɗaga murya kina karatu. Daga na takwas ban ƙara jin yana kiranki ba, bugun kawai." Ba ta yi kuka ba. "Mabuɗin yana ɗaure a bakin zanenki, Umma. Ina ganinsa."

Na ɗaga hannu. Ta tsaya tana jira, ba ta kauce ba. Na sauke.

Talata, kafin magariba

To. Zan rubuta sau ɗaya.

Ya shigo wajen ƙarfe huɗu saura, yana dafa bango. Rigarsa da taɓo. Ya yi amai a bakin rariya. Na ce daga ina kake, ya buɗe baki maganar ta fito a narke, kamar harshen ya yi masa yawa. Idonsa yana lumshewa. Na shinshina bakinsa ban ji komai ba, na ce ai kodin ba shi da wari. Mata goma sha biyu za su shigo gidana nan da minti goma sha biyar, Hajiya Zulaihat a cikinsu.

Ban tambaye shi ina ke ciwo ba. Ya riƙe kansa da hannu biyu, ina gani, ban tambaya ba. Na ja shi zuwa ɗakinsa na zaure, na tura shi kan katifa, na ce idan ya wartsake za mu yi magana da ni da shi da ubansa. Na ja ƙofar na sa kwaɗo ta waje.

Matan sun wuce ta gaban ƙofar ɗaya bayan ɗaya suna sallama. Darasin ranar a kan amana ne.

Na ji bugun. Duka na ji.

Laraba, ƙarfe 7 na safe

Na gaya wa Malam, a cikin mota, kafin ya tayar. Ranar yana Batagarawa wurin aiki. Da ya iso na riga na buɗe ƙofar bayan zuwan Mati, bai taɓa sanin an rufe ta ba.

Ya daɗe yana riƙe da sitiyari. Sannan ya ce, "Zainabu, da na dawo na tarar da shi haka, ban san ni ma mi zan yi tunani ba." Ya tayar da motar. "Amma da na buɗe."

Bai ƙara cewa komai ba har asibiti. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 21 ga Agusta, ƙarfe 11 na safe

Zazzaɓin ya sauka. Bakwai.

Na jira Malam ya fita karɓo magani. Sista Ruth tana gyara ledar ruwa, na ce ta ba ni wuri. Ta ce, "Ba inda za ni, Mama, aikina nake. Ki ɗauka ni bango ce."

Na zauna a bakin gadon. Rabon da in riƙe hannunsa tun yana koyon tafiya. Kakarsa ce ta yi renonsa, ni ina kawar da kai kamar yadda aka koya mini. Hannun ya yi girma. Akwai tabo a babban yatsa wanda ban san lokacin da ya ji shi ba.

Na buɗe baki, sunan ya tsaya a maƙogwaro. Shekara goma sha tara yana nan. Na farko iska ce kawai ta fita.

Na ce, "Nu'uman."

Na ce, "Nu'uman, Ummanka ce. Na buɗe ƙofar."

Ban san sau nawa na faɗa ba. Sista Ruth ta taɓa kafaɗata ta ce in duba. Idon hagu ne ya fara, sannan na dama. Ba ni yake kallo ba, silin yake kallo. Amma a buɗe suke.

Ta duba agogo ta rubuta. Ta ce, "Tara." Sannan ta juya baya tana gyara ledar da ta riga ta gyara.

Likita ya ce kumburin ne ya sauka, lokacinsa ne ya yi. Wataƙila haka ne. Ban yi masa musu ba.

Nu'uman. Nu'uman. Ga shi na rubuta.

Litinin, 25 ga Agusta, da hantsi

Yana bin mutum da ido. Yana haɗiye kunu. Yana gane abin da aka ce: idan aka ce ɗaga hannu, sai ya ɗaga na hagu. Na dama yana kwance kamar ba nasa ba.

Maganar ce babu. Likita ya nuna masa kofi ya ce mene ne wannan. Nu'uman ya dubi kofin, leɓensa na rawa, goshinsa ya yi gumi. Ya sani. Ina ganin ya sani. Likita ya ce wurin da ke harhaɗa kalmomi yana gefen hagu, daidai inda jinin ya kwanta ya daɗe. Ya daɗe. Kalmar da ya yi amfani da ita ke nan.

Na ce zai dawo? Ya ce ƙwaƙwalwar matashi tana iya buɗe sababbin hanyoyi idan an dage da koya mata, amma ba zai yi mini alkawarin nawa ba.

Laraba, bayan azahar

Ina zaune ina karanta Fatiha a hankali, sai na ji wata murya tana bi na. Tun daga farko har ƙarshe, bai tsallake ko harafi ba. Na ƙwala wa Rashida kira. Muka ce to faɗi sunanta. Ya dube ta, ya yi ta ƙoƙari, hawaye ya zubo ta gefe guda.

Sista Ruth ta ce haka ne, abin da aka haddace tun yarinta ba a wuri ɗaya yake da maganar yau da kullum ba. Wancan ya tsira.

Da bulala na koya masa Fatihar. Ita ta rage. Abin da yake so ya ce da bakinsa, shi ne ya tafi.

Asabar, 6 ga Satumba, ƙarfe 5 na yamma

Mun dawo gida shekaranjiya. Yana jan ƙafar dama, amma yana tafiya. Kalmominsa yanzu shida: ruwa, a'a, to, Baba, zafi, Shida. Rashida ke nan. Umma ba ta fito ba tukuna. Ba na gaggawa. Ba ni da bakin gaggawa.

Likita ya ce da wuya ya tuna ranar, ƙwaƙwalwa ba ta ajiye abin da ya faru a irin wannan lokacin. Ban sani ba. Da muka shigo zaure ya tsaya a ƙofar ɗakinsa, ya ƙi shiga. Na sa aka mayar da katifarsa ɗakina. Na zauna na gaya masa duka, da sunansa, a gaban ubansa da ƙanwarsa. Ya saurara. Ya ce, "To." Ban san wace irin to ba ce. Ita kaɗai gare shi.

Jiya Juma'a matan suka zo. Na gaya musu abin da ke bayan ƙofar da suka wuce. Na nemi gafarar Hajiya Zulaihat da sunanta. Wasu ba za su dawo ba, na gani a fuskarsu.

Muna cikin haka na ji bugu daga ɗaki. Tun da ba ya iya kira, da hannun hagu yake buga jikin gado. Sau ɗaya ya buga. Ban san lokacin da na tsallake ƙafafun mutane ba, littafi ya faɗi, mayafi ya faɗi. Ruwa yake so.

Da na fito da kofin, Rashida tana tsaye a bakin kicin. Ta dube ni a fuska.

Yau da safe na kira kafinta ya cire ƙarfen kwaɗon daga ƙofar zaure, da na kowane ɗaki. Na tara 'ya'yana bayan azahar, har da Malam, na faɗa musu, kuma ina rubutawa a nan don kada wani ya ce bai ji ba:

A gidan nan ba a ƙara rufe ɗan Adam ta waje. Wanda ya shigo ba daidai ba, a tambaye shi ina ke ciwo kafin a tambaye shi daga ina yake. Kuma duk wanda ya buga, a buɗe masa a bugun farko, ko wa ke zaune a falo, ko me za a ce da mu a unguwa. Wanda ya karya wannan, ni da shi ne. Ko da ni ce.